Kiwon murjani a tankin gilashi ga mai ƙaramin ƙarfi

Abin da ke fara karya gwiwar mai son kiwon murjani, dabbar nan ta teku mai kama da tsiro, a gida shi ne hotunan tankunan masu hali. Fitilu jere a sama, wani tankin a ƙasa cike da injuna, na'ura tana ɗiga sinadarai dare da rana. Yana gani sai ya ce wannan ba harkarsa ba ce. To, tun farkon shekarun 1960 wani mutumin Jakarta mai suna Lee Chin Eng yake raya murjani da kifin teku cikin gilashi, kuma kayan aikinsa ba su wuce duwatsun teku, ruwan teku, haske da ɗan injin hura iska ba. Abin da ya gano har yau a kansa ake: dutsen nan mai ramuka shi ne matatar ruwan, domin bakteriyar da ke zaune a jikinsa ita ke cinye ƙazantar kifi. Yawancin injunan da suka zo daga baya sauƙin aiki suke kawowa, ko su ba mutum damar riƙe dabbobi masu wuyar sha'ani.

Na daɗe ina lura, kuɗin mai farawa ta kafa biyu suke zurarewa. Ko ya sayi dabba kafin ruwa ya nuna, wato kafin bakteriyar nan ta kafu a tankin, dabbar ta mutu, ko ya sayi kaya yau, bayan wata uku ya ga bai dace ba ya sake sayen wani. Yadda za ka toshe kafofin nan biyu nake son nuna maka.

Tanki

Nemi mai ɗaukar lita 75 zuwa 120. Nawa lita 90 ne. Ɗan ƙarami mai lita 20 yana jan hankali saboda araha, amma shi ya fi wuyar riƙo. Ga lissafin: idan iska ta shanye lita ɗaya daga lita 20, gishiri ya tashi daga kashi 35 cikin dubu zuwa kusan 37 ke nan. Lita ɗayan nan a tanki mai lita 100 da ƙyar ma'auni zai nuna ta. Zafi ma haka yake, ƙazanta ma haka. Babba kuma, daga lita 200 zuwa sama, gishirin da zai ci kowane wata da fitilarsa da wutarsa su za su gajiyar da kai. Ka zaɓi mai faɗi marar zurfi, tsayinsa kada ya wuce santimita 45, domin fitila mai sauƙin kuɗi ta iya kai haske har ƙasa.

Na hannu ba laifi. Masu barin harkar suna da yawa, kuma sukan sayar da komai a haɗe. Ka cika shi da ruwa a waje kan shimfiɗaɗɗen wuri, ka bar shi kwana biyu ko uku ka ga ko yana yoyo, ka duba gam ɗin kusurwoyi ko ya fara ɓanɓarewa. Tambaya ɗaya kada ta wuce ka: an taɓa zuba maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki? Jan ƙarfe guba ne ga murjani da dodon koɗi da jatan lande. Gilashi yana wankuwa, amma dutse da yashin da suka sha shi sai su riƙe shi suna saki kaɗan-kaɗan. Ko kyauta aka ba ka irinsu kada ka karɓa. Wanki kuwa da ruwan khal ake yi, ban da sabulu.

Tanki mai lita 100 da dutsensa da yashinsa yana kai kilo 140. Teburin ya zama mai ƙwari, ba ya karkata ko kaɗan, nesa da tagar da rana ke shigowa.

Ruwa

Idan abu ɗaya tak kuɗinka za su iya saya mai kyau, to ya zama ruwa. A teku murjani yana zaune ne cikin ruwan da kusan babu abincin gansakuka a ciki. Ruwan famfo ko na rijiya kuwa, ko da yana da daɗin sha, yakan zo da kulorin, naitiret, fosfet, silika, wani lokaci har da jan ƙarfen bututu. Abin da ke ƙara ɓata lamarin shi ne taruwa. Kullum iska tana shan ruwa zalla ta bar su a ciki, kullum kana ƙara wani ruwan, bayan wata shida ka tara abin da ba ka san yawansa ba, gansakuka ta rufe dutse, kai kuma kana ta sayen kwalaben magani. Matatar da ake kira RO/DI ita ke cire su, kuma ƙarama ta isa. Ka haɗa da ɗan ma'aunin TDS, mai nuna yawan abin da ya narke a cikin ruwa. Idan ya nuna sifili ruwan ya yi. Idan ya fara nuna 2 ko 3, lokacin sauya kayan cikin matatar ya yi. Tana zubar da ruwa ninki uku ko huɗu na wanda take tacewa, sai ka tara wannan ka yi wanki ko ban-ruwan shuka. Idan ba za ka iya sayenta yanzu ba, sayi tataccen ruwa a jarka wurin masu ita, amma ka auna da hannunka kafin ka zuba. A ganina, wanda ya sayi fitila mai tsada ya bar matata, lissafin ya juye masa.

Gishirin girki ba ya yi. Na tankin teku haɗi ne na musamman, da kalsiyam da magniziyam da sauran abin da ruwan teku ya ƙunsa. Mafi araha daga kowane sanannen kamfani ya wadatar ga murjanin da za ka fara da shi. Babban bokiti ya fi ƙananan ledoji sauƙi, sai dai ka riƙa rufe shi ruf, don yana shan danshi ya dunƙule. Ruwa ake fara zubawa, sannan gishiri a kai a hankali, ƙaramin inji yana juyawa a ciki, tsakanin giram 35 da 40 a kowace lita. Bar shi ya juya wasu awanni har ya washe, sannan ka auna. Abin da ake nema shi ne kashi 35 cikin dubu, wato 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Ma'aunin roba mai allura yana yin ƙarya da zarar kumfa ta maƙale wa allurar. Rifiraktomita, ma'aunin gishiri mai aiki da haske, ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma bambancin kuɗinsu ba yawa, amma ka saya tare da ruwan gwaji mai 35 da za ka riƙa saita shi.

Ga abin da ya halaka tankuna da yawa: idan ruwa ya ragu, ruwa zalla ne ya tashi, gishirin yana nan. Saboda haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cike gurbi, kullum. Ni salatef na manna a gefen gilashi daidai bakin ruwa, kowace safiya na cika zuwa layin. Akwai na'urar da ke yin wannan da kanta, kuma tana cikin abubuwan farko da suka cancanci saye idan ka samu sarari. Kafin nan salatef da kofi sun isa.

Dutse, motsin ruwa da haske

Dutsen da aka ɗebo daga teku da ransa yana da tsada. Busasshe ya fi araha, ba ya kuma shigo maka da baƙin da ba ka gayyata ba. Kilo ɗaya a kowace lita goma ya isa, ka zaɓi marar nauyi mai ramuka da yawa. Kada ka jingina shi da gilashi. Gina shi da kogo da ƙofofi yadda ruwa zai ratsa ta ko'ina, ka tabbatar ba ya girgiɗi, ka ɗora shi kan gilashin ƙasa kafin ka zuba yashi. Yashin aragonait santimita biyu zuwa uku, wanda aka wanke har ruwansa ya daina yin fari.

Murjani ba ya tafiya. Ruwa ne ke kawo masa abinci da iska, shi ke kwashe masa ƙazanta. Kana son injin da ke juya ruwan tankin gaba ɗaya sau 10 zuwa 20 a awa, wato lita 900 zuwa 1,800 ga tanki irin nawa. Ƙanana biyu suna fuskantar juna sun fi babba ɗaya, don ruwan ya riƙa hautsinewa, kuma idan ɗaya ya tsaya ɗaya yana aiki. Ɗayan ya kalli sama kaɗan, fuskar ruwa tana rawa, ta nan iska ke shiga.

Zafi digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas, ba hawa da sauka. Idan ɗakinka yana sanyi, hita mai wat ɗaya ga kowace lita. A kan hita araha ba ta ado: idan mai arha ya lalace yakan maƙale a kunne ya dafa komai. Idan zafi ne matsalarka, ƙaramar fanka tana hura fuskar ruwa takan sauke digiri biyu ko uku, sai dai ruwan cike gurbi zai ƙaru.

Sai ka san dalilin zafin da na hasken, duka abu ɗaya ne. Cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai masu ƙwaya ɗaya, zuksanteli, su ke sarrafa haske su ba shi yawancin abincinsa. Zafi ya yi yawa ya daɗe, ko haske ya yi masa ba-zata, sai ya kore su ya yi fari fat, daga nan yunwa. Shuɗin haske suka fi amfani da shi, shi ne ke kaiwa zurfin teku. Don haka farin ƙwan ɗaki gansakuka zai raya maka. Nemi fitilar LED da aka yi don murjani, mai shuɗi da fari, wadda ake iya rage ƙarfinta. Murjani mai laushi ba ya buƙatar fiye da 50 zuwa 150 a ma'aunin PAR, wato na ƙarfin hasken da ke isa gare shi, kuma fitilu masu sauƙin kuɗi suna kai wannan a tanki marar zurfi. Awa takwas a rana, da agogon da ke kunnawa ya kashe da kansa. Fara da ƙasa da rabin ƙarfinta, ka riƙa ƙarawa mako-mako. Hasken da ya yi yawa ya fi wanda ya yi kaɗan saurin kisa.

Abin da ba za ka saya ba yanzu: sikima mai cire ƙazanta da kumfa, tanki na biyu a ƙasa, injin ɗiga sinadarai, kwamfutar lura da tanki, da kwalaben ƙari iri-iri. A tanki mai lita 90 da kifi uku ko huɗu, sauya kashi goma cikin ɗari na ruwan kowane mako yana yin aikinsu duka. Lita tara ke nan, bokiti ɗaya, tiyo ɗaya. Kuma duk sinadarin da ba ka da abin auna shi, kada ka zuba shi. Kayan gwaji uku sun isa farawa: na amoniya, na naitiret, na alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami. Na naitirait, wanda daban yake da naitiret, in ka samu aro, makonnin farko kawai za ka buƙace shi.

Jiran ruwa ya nuna

Kifi yana fitar da amoniya, ita kuwa guba ce. Wata bakteriya tana mayar da ita naitirait, wata ta mayar da wannan naitiret, wanda cutarsa kaɗan ce kuma sauyin ruwa ke rage shi. Sabon tanki ba shi da su, sai an raya su. Cika tanki, kunna injuna, bar fitila a kashe. Zuba amoniyam kulorayid har gwaji ya nuna 2, ko ka jefa ɗan ɗanyen jatan lande ya ruɓe a ciki. Ɗan dutse guda daga tsohon tanki mai lafiya, ko kwalbar bakteriya, yana rage jira. Kada ka saka kifi mai rai don wannan aiki. Ana yi, amma azaba ce gare shi, kuma babu buƙata.

Yawanci mako huɗu zuwa shida ne. Idan ka ƙara amoniya zuwa 2, washegari ka ga ita da naitirait sun koma sifili, ruwa ya nuna. Sauya rabinsa. Makonnin nan ba asara ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi, tunda fitila ba ta da aiki tukuna: a cikinsu za ka tara kuɗinta.

Daga nan tankin zai yi muni, kuma ina son ka sani tun yanzu don kada hankalinka ya tashi. Ƙura ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi. Bayanta koren gashi a kan dutse, wataƙila da wani jan yauƙi a wuraren da ruwa ba ya motsi. Busasshen dutse yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita. A nan mutane suka fi ɓarnar kuɗi a kan magunguna. Maganin hannu ne: tsige, zuƙe da tiyo lokacin sauyin ruwa, rage abinci, ƙara motsin ruwa. Saka dodon koɗi irin su Trochus da Cerith, huɗu ko biyar da farko, don idan suka yi yawa suka cinye gansakuka yunwa ce za ta kashe su. Kada kuma ka bi naitiret da fosfet har sifili. Ruwan da aka tsotse ƙaf yana yunwatar da murjani, yana kuma buɗe ƙofa ga dainofilajelet, wata ƙaramar halitta mai yin yauƙi ruwan ƙasa, wadda ta fi gansakuka wuyar kora. Naitiret 5 zuwa 10, fosfet 0.03 zuwa 0.1, ya yi daidai.

Kifi

Fara da Amphiprion ocellaris guda biyu, ɗan kifin nan ruwan lemo mai fararen ɗamaru uku. Tun farkon shekarun 1970 ake hayayyafa shi a tanki, kuma wanda aka haifa a tanki ya fi juriya, ya saba da abincin leda, ba a kuma kama shi da guba ba kamar yadda ake yi wa wasu kifayen a teku. Ɗauki ƙanana, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Babban zai zama mace, haka halittarsu take. Ba sa buƙatar anemoni, dabbar nan mai hannuwa masu harbi da suke fakewa cikinta a teku, kai ma kada ka saya kafin tankin ya shekara, domin yawo take, tana harbin murjani, in ta faɗa inji ta niƙe ta ɓata ruwan duka. Bayan wata guda kana iya ƙara Gramma loreto ko ɗan gobi. Iyakar ke nan.

Shuɗin kifin nan Paracanthurus hepatus za ka gan shi ɗan mitsitsi a wurin mai sayarwa, amma yana kai santimita 30. Synchiropus splendidus, mai ado kamar an zana shi, ƙananan halittu masu rai yake ci wuni guda, sabon tanki ba shi da su, a hankali yake ramewa ya mutu. Ka bar su. Rufe saman tanki da raga, kifin teku yana tsalle.

Kowane sabon kifi ya fara zama mako huɗu a wani wuri daban. Robar ajiya mai lita 40, da injin iska, da guntun bututu na ɓuya, ta isa. Dalili kuwa, cutar fararen ɗigo, Cryptocaryon irritans, da jan ƙarfe aka fi maganinta, shi kuma ba ya shiga tankin murjani. In ta shiga sai ka kwashe kifin duka, tankin ya zauna ba kifi fiye da wata biyu. Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti ɗaya.

Murjani

Nan ne abin ke yi mini daɗi, don nan ne araha da nagarta suka haɗu. Murjani yana yaɗuwa, masu tsofaffin tankuna kullum suna yanke shi, kuma gutsuren da ya girma a tankin wani ya fi wanda aka ɓallo daga teku juriya da sauƙin kuɗi. Wani ma kyauta zai ba ka. Ga kuma doka: murjani mai ƙashi yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta cinikin dabbobi da tsirrai tsakanin ƙasashe, ba a tsallaka iyakar ƙasa da shi sai da takarda.

Fara da masu laushi. Discosoma, fai-fai ja ko shuɗi, yana son inuwa da ruwa mai sanyin tafiya. Sarcophyton yakan rufe kwana da kwanaki, ya yi sheƙi, ya tuɓe wata siririyar fata ya sake buɗewa, lafiyarsa ƙalau, kada ka taɓa shi. Xenia tana buɗe hannuwanta tana rufewa ba hutu, kallonta kaɗai ya isa dalilin ajiye tanki. Sai dai ita da koren Briareum mamaya suke yi, ka ba kowanne dutsensa can gefe a kan yashi. Zoanthus launinsa ba iyaka, amma a saurara da kyau: shi da ɗan'uwansa Palythoa, wasunsu suna ɗauke da palitoksin, ɗaya daga cikin guba mafi ƙarfi da aka sani. Safar hannu da tabarau duk lokacin da za ka taɓa su. Kada ka tafasa dutsen tanki, kada ka zuba masa ruwan zafi, kada ka kankare shi a busasshe. An kwantar da iyalai a asibiti saboda tururin. Idan da ƙananan yara a gidan, ni dai shawarata ka haƙura da su.

Kowane gutsure ka tsoma shi a maganin wankin murjani, ka ɗauraye da ruwan tanki, ka duba gindinsa. In ka ga wata 'yar anemoni ruwan ƙasa, Aiptasia, cire gutsuren daga abin da yake kai, ka yar da gindin. Da gam mai kauri irin Super Glue ake manna shi a dutse, ba ya cutarwa. Ajiye shi ƙasa-ƙasa tukuna, kuma kada ka riƙa ɗaga shi daga nan zuwa can don ya ƙi buɗewa kwana biyu.

Bayan wata shida, idan alkaliniti yana zaune tsakanin 8 da 9 a ma'auninsa, dKH, mako bayan mako, gwada masu ƙashi marasa rigima, Caulastrea ko Duncanopsammia. Su ne za su fara jan kalsiyam, wanda ake so tsakanin 400 da 450, da magniziyam wajen 1,300. Idan sauyin ruwa ya daina cike gurbin alkaliniti, hodar bekin soda ta girki da aka narka a tataccen ruwa yana ɗaga shi, amma kada ya wuce dKH ɗaya a rana. Acropora kuwa a bar shi sai an ƙware.

Saura wuta. Ruwan gishiri da lantarki ba sa shiri, saboda haka soket ya kasance sama, kowace waya ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau gare shi don ɗigon ruwa ya sauka a ƙasa, ka kuma kashe hita kafin ka rage ruwa. Idan wuta ta ɗauke, murjani zai jure kwanaki ba haske. Iska ce ke fara ƙarewa, domin ruwan teku bai kai ruwan daɗi riƙe iskar shaƙa ba, cikin 'yan awanni kifi zai fara haki a sama. Ɗan injin iska mai batir, ko mai aiki da fawa bank, yana cikin kaya mafi araha a harkar nan, kuma ka saye shi kafin kifin farko. In babu, ɗebi ruwan da kofi ka riƙa kwararo shi daga sama duk bayan 'yan mintoci. Kada ka ba da abinci har wuta ta dawo. Sanyi ya yi yawa, lulluɓe gefen tankin da bargo. Zafi ya yi yawa, saka rufaffiyar gorar ƙanƙara ta yi iyo a ciki, kana duba ma'auni kada ya faɗi da sauri.